Tambaya Da Amsa: Atin, Kaurin Waya Da Bireka A Wayarin Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Sanyi ya shigo Jos sosai, kuma da zarar hazo ya sauka sai tambayoyin hita da ƙonewar soket su yi ta shigowa. Na zaɓo waɗanda aka fi maimaitawa, na ɗan rage tsawon wasu saboda fili.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah mu gidan haya muke, in dai aka kunna hitar banɗaki to kan famfon sai ya riƙa ɗan jan mutum, ba sosai ba dai kamar tsikari haka, amma in ƙafarka a jiƙe take yafi ƙarfi. Yarinyata yanzu tsoron shiga wanka take. Maigidan ya kira mai gyaran wuta yace ai ba komai haka hita take, wai mu riƙa sa silifas. Gaskiya ne? Daga wata uwargida, Rikkos

AMSA: Hajiya ba gaskiya bane, kuma tun kafin ki gama karanta amsar nan ki je a sauke birekar hitar daga dibi, wato akwatin nan da birekokin gidan suke ciki, ba makunnin bango kawai ba, a dafa ruwan wanka a tukunya har sai an gyara. Hita mai lafiya bata jan kowa. Abinda yake faruwa shine ƙarfen da yake ɗumama ruwan a ciki ya tsufa ko ya tsage, wuta tana yoyo ta shiga ruwan da gangar jikin hitar, daga nan ta bi faif ta fito kan famfo. Da ace akwai atin mai kyau, wato wayar nan kore da ɗorawa da ake ɗaurewa a jikin hitar ta tafi dibi ta sauka rodin da aka binne a ƙasa, to wutar da ta ɓalle hanyar nan zata bi. Tunda babu, ko akwai amma ta tsinke a wani wuri, to jikin wanda ya taɓa famfon shine hanyar, ta shiga ta hannu ta fita ta ƙafa. Shi yasa kika ji yafi ƙarfi in ƙafa a jiƙe take, jiƙaƙƙiyar fata bata tare wuta.

Kuma wutar da take illa ba mai yawa bace fa. Miliamfiya 1 mutum zai fara jin tsikari, wajen 10 zuwa 15 hannu yana iya damƙewa ya kasa saki, in ta wuce 30 ta ratsa ƙirji ta ɗan jima tana iya rikita bugun zuciya. Ita kuwa birekar hita yawanci amfiya 20 ce, wato miliamfiya 20,000 kenan, kinga ko a jikinta, ba zata faɗi ba don wannan ƙaramar wutar tana bi ta jikin yarinya. Ba aikinta bane ma, waya take tsarewa kada ta ƙone. Abinda yake tsare mutum shine RCD, wanda masu aiki a nan suka fi kira ELCB, zaki ga an rubuta 30mA a fuskarsa kuma da ɗan maɓallin gwaji mai harafin T. Shi yana auna wutar da ta fita ta laif, wayar da take kawo wuta, da wadda ta dawo ta nutural, wayar da take mayar da ita, in ya ga an samu giɓi sai ya yanke cikin ƙasa da sakan ɗaya.

To ku samu wani ma'aikacin daban, ya buɗe murfin hitar a gabanku ku gani da ido ko koren wayar tana ɗaure a kusarta, domin sau tari zaka tarar an naɗe ta an cusa gefe ko an guntule ta gaba ɗaya. Ya bi ta har dibi har rodi, ya gwada ƙarfen ɗumama ruwan ya canza shi, in faif ɗin ruwan na ƙarfe ne shima a haɗa shi da atin, sannan a sa RCD. Kuma in yace zai haɗa kusar atin da nutural a nan cikin soket ko makunni don a huta, kada ku yarda ko kaɗan. Ranar da nutural ta tsinke a fol, ko wani ya hau ya canza layi ya juya wayoyin, duk wani ƙarfe dake gidan, firij, dutsen guga, famfo, zai ɗauki cikakkiyar wuta bolt 230. Ku sanar da mai gidan hayar a rubuce ko ta saƙon waya, hakkin gyaran nan a wuyansa yake.

TAMBAYA: Sallama. Ina gini daki uku da falo, an zo wajen wayarin, mai aikin ya rubuto min 1.5 da 2.5 da 4 da 6 har da 16, kuɗin wlh ya tsorata ni. Wani abokina yace duk cin kuɗi ne, shi 1.5 ya zuba a gidansa gaba ɗaya kuma shekara uku ba abinda ya faru. Ya kake gani? Daga wani mai gini, Bukuru

AMSA: Yallabai ma'aikacin nan naka da alama ya san aikinsa, ka riƙe shi. Lambobin nan kaurin jan ƙarfen dake cikin wayar ne a awon murabba'in milimita, kuma kowace tana da iyakar wutar da zata ɗauka kafin ta fara zafi. Robar PVC dake jikinta an yi ta ne ta jure digiri 70, in ana wuce haka kullum sai ta bushe ta fara tsattsagewa a cikin bango inda ba mai gani. A teburin da ake aiki dashi, in an zura waya cikin kwandit, 1.5 tana ɗaukar amfiya 17 da ɗoriya, 2.5 tana ɗaukar 24, 4 tana ɗaukar 32, 6 tana ɗaukar 41, 10 tana ɗaukar 57, ita kuma 16 har 76. Amma wannan lissafin a kan zafin digiri 30 aka yi shi kuma layi ɗaya tal a cikin faif. In wurin ya kai digiri 40, kamar cikin silin ƙarƙashin kwano da rana tsaka, kuma ko a Jos ɗin nan cikin rufi yana zafi a watan Maris da Afrilu balle mutanen Abuja, to sai a ninka da 0.87, 24 ɗin nan ta dawo wajen 21. In kuma aka cusa layi uku a faif ɗaya kamar yadda ake yi don tsimin kwandit, kashi 70 cikin 100 kawai ya rage, ta dawo wajen 17.

Yanzu ka lissafa kayan gidanka. Wat ake rabawa da 230 a samu amfiya. Butar lantarki mai wat 3,000 ita kaɗai amfiya 13 take ja. Ƙara dutsen guga mai wat 2,000, kusan 9 kenan, ga hitar ɗumama ɗaki da kowa yake kunnawa a Disamba, duk a layi ɗaya da asuba ana shirin makaranta. Ka wuce 25 tuni. In wannan ya hau kan 1.5 an ɗora wa jaki kayan raƙumi kenan, zai yi ta tafiya dai na ɗan lokaci. Shi yasa aka saba 1.5 ta tafi ƙwan fitila da fanka a kan bireka 6 ko 10, 2.5 ta tafi soket a kan bireka 20, AC da hitar ruwa kowanne a ja masa nasa layin shi kaɗai da 4 ko aƙalla 2.5 in tafiyar gajera ce kuma kayan ƙarami ne, kukar girki 6 a kan bireka 32, sai 16 ɗin daga mita zuwa dibi. Ƙa'idar dai ɗaya ce: bireka tafi ƙarfin kayan da za a jona, ita kuma waya tafi ƙarfin bireka.

Wasu ma'aikatan suna yin zobe irin na Ingila, wayar 2.5 ta fita daga dibi ta zaga sokatoci ta dawo dibi a kan bireka 32. Ka'ida ta yarda dashi, amma ni ban cika so ba a gidajenmu, domin gobe wani ya zo ƙarin soket ya yanke zoben bai sani ba, shikenan 2.5 guda ɗaya ta rage ƙarƙashin bireka 32 kuma wuta zata ci gaba da zuwa lafiya lau, ba abinda zai nuna maka.

Shi kuma abokin naka Allah ya ci gaba da tsarewa, amma ya duba nawa ne awowin da wuta take zama a unguwarsu da irin kayan da yake jonawa, ya kuma kwance soket ɗin kicin ya ga launin robar wayar. In kuɗi ne matsalar, ka rage tsadar fitilun ado da tayil, waɗannan ana canza su ko yaushe, ita kuwa waya in an yi filasta an yi fenti fasa bango ne. Kada kuma a manta da wayar atin a kowane layi har na fitila, kaurinta daidai da na laif ɗin muddin bai wuce 16 ba.

TAMBAYA: Bireka ɗaya ce a shagona take yawan faɗuwa in na kunna firiza biyu da injin markaɗe, sai yaron da yake min gyara ya cire ta 20 ya sa 40, yanzu ta daina. Ya yi daidai? Daga wani ɗan kasuwa, Farin Gada

AMSA: Alhaji bai yi daidai ba, a mayar da ta 20 yau. Wayar dake cikin bangon bata canza ba, in 2.5 ce to yanzu an bata izinin ɗaukar kusan ninki biyu na ƙarfinta kuma ba mai tsayar da ita, ga shago ana kulle shi da dare firiza na aiki. A jawo wa injin markaɗen nasa layin daga dibi da tasa birekar. Haka masu naɗa wayar kofa, wato jan ƙarfe, a katawut, gidan fis ɗin dake kusa da mita, in fis ya ƙone, duk abu ɗaya ne.

TAMBAYA: Oga ina gaisuwa, ni yaron shago ne ina koyon wayarin. Mun je aiki wani gida, muna buga rodin atin ko ƙafa biyu bai shiga ba ya tarar da dutse, sai ogana ya yanke sauran da zarto muka zuba gishiri da gawayi muka rufe. Na tambaye shi yace ai haka ake yi a Jos. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wani mai koyon aiki, Nasarawa Gwong

AMSA: Ƙanena Allah ya yi maka albarka da wannan rashin kwanciyar hankalin, shi zai mai da kai ma'aikaci. Gaskiyar oganka ɗaya ce, ƙasar Filato dutse ne, wurare da yawa kana haƙa kaɗan zaka ci karo da fa, kuma dutse baya wuce da wuta kamar laka mai damshi. Amma guntun rodi ƙafa biyu yana zaune ne a saman ƙasa inda take bushewa ƙayau daga Nuwamba zuwa Maris. In ka gwada shi a Agusta zai baka lamba mai daɗi, ka dawo a Fabrairu ka sha mamaki. Gishirin kuma yana taimakawa da farko, amma ruwan sama yana wanke shi cikin damina ɗaya ko biyu, kafin ya tafi kuma ya ci rodin ya ci kilam ɗin da ya riƙe wayar, ka tono bayan wasu shekaru ka ga wayar a gefe rodin a gefe, kore shar da tsatsa.

In dutse ya hana ka sauka to ka tafi a kwance. A haƙa rami dogo zurfin rabin mita ko fiye, a shimfiɗa wayar kofa tsirara mai kauri 25 ta yi mita masu yawa, ko a buga rodi biyu uku a wuraren da ƙasa ta yarda, tazarar dake tsakaninsu kada ta gaza tsawon rodin, a haɗe su wuri ɗaya. A nemi gefen gidan da yafi riƙe damshi. Maimakon gishiri akwai bentonait, wannan lakar da masu haƙa bohol suke amfani da ita, tana riƙe ruwa kuma bata cin ƙarfe. In sabon gini ne tun ana zuba kankaren fandisho a ɗauko atin daga rodunan cikinsa, wannan yafi komai sauƙi kuma ba a cika tunawa dashi ba sai an gama. Wayar da zata taso daga rodi zuwa dibi in za a binne ta da robarta kada ta gaza 16, kuma a yi wa kan rodin ɗan akwati da murfi yadda za a iya buɗewa a duba, ba a shafe shi da siminti ba.

Sannan a auna. Ba da ƙwan fitila ba, wai a jona laif da atin in ya kawo haske shikenan, wannan ba awo bane kuma haɗari ne. Akwai mitar awon atin mai ƙananan ƙusoshi biyu da ake kafawa nesa da rodin, ita zata baka lamba a om, ma'aunin yadda ƙasar take tare wuta, ƙaramar lamba tafi kyau. Ka'idar Birtaniya tace abinda ya haura om 200 ba abin dogaro bane, ta Amurka tace rodi ɗaya in bai sauka 25 ba a ƙara na biyu, na kariyar tsawa kuma ana neman 10 ko ƙasa. Ga wani lissafi da nake so ya zauna maka a kai: ace rodinka om 100 ne, laif ta taɓa jikin firij, 230 a raba da 100, amfiya 2.3 ce kawai zata bi ƙasa. Bireka 20 ba zata motsa ba har abada, jikin firij ɗin kuma yana nan da wuta. To kaga rodi shi kaɗai baya yanke wuta, sai an haɗa shi da RCD, shi kuwa miliamfiya 30 ta ishe shi. Ka nuna wa oganka wannan cikin ladabi, ba a gaban mai gida ba.

TAMBAYA: Ta yaya zan gane waya mai kyau a kasuwa? Duk an rubuta 2.5 amma kuɗin ya bambanta kusan rabi. Daga wani magidanci, Anguwan Rogo

AMSA: Malam araha bata ado, kofa kuwa kuɗinta a duniya ɗaya ne, duk wanda ya sayar maka rabin kuɗi to wani abu ya rage. Ko dai ya sirantar da ƙarfen ya ƙara kaurin roba, ko ya rage tsawon, ko kuma alminiyon ne aka shafa masa kofa a sama. Ka fere bakin wayar ka kankare da wuƙa, in ka ga fari a ciki to alminiyon ne, kuma shi wajen kashi 61 cikin 100 na abinda kofa take wucewa dashi yake iyawa, ga saurin karyewa a bakin kusa, nan ne soket yake fara baƙi yana warin roba. Ka ɗora rol ɗin a sikeli, mita 100 na 2.5 kofar ciki kaɗai ta kai kilo 2.2, da robar wajen kilo 3. In mai ƙwaya ɗaya ce ma'aikacinka ya auna faɗinta, 2.5 tana da milimita 1.78, 1.5 kuma 1.38. Ka duba sunan kamfani a buge a jikin wayar kanta ba a leda kawai ba, da tambarin hukumar SON, ka karɓi rasit. Kuma ka je sayen da kanka tare da mai aikin.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ina kallon bidiyon wayarin a YouTube sai naji suna cewa 12 gej, 14 gej, kuma baƙar waya ce laif a wajensu. Wai mu wace doka muke bi a Najeriya, ko kowa yadda ya ga dama ne? Daga wani ɗalibi, Bauchi Road

AMSA: Akwai doka ɗan'uwa. Hukumar NERC ta fitar da ka'idojin da ake kira NESIS a 2015, kuma a shekarar ne aka yi dokar da ta kafa NEMSA, hukumar da take duba aikin lantarki tana ba ma'aikata takardar shaidar ƙwarewa, sai Dokar Lantarki ta 2023 ta zo ta tattara dokokin lantarki wuri ɗaya. Salon aikinmu daga Birtaniya muka gada, shi yasa sokatocinmu masu baki uku na amfiya 13 ne, kuma littafin da injiniyoyinmu suke yawan buɗewa shine BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018. Waɗanda kake kallo 'yan Amurka ne, nasu littafin NEC, wutar soket ɗinsu bolt 120 ce tamu 230. Gej ɗinsu kuma a juye yake, lamba na girma waya na sirancewa, 14 wajen 2.1 ce a awonmu, 12 kuma wajen 3.3.

Batun launi ka kula sosai. Su baƙi laif ne fari nutural. Mu a tsohon tsari da har yanzu ya cika kasuwa ja ne laif baƙi nutural, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa laif shuɗi nutural, alhali a tsohon tsarin wuta mai layi uku shuɗin nan laif ne. Gida ɗaya zaka iya samun duka biyun, don haka kada ka taɓa waya saboda launinta, ka sa mita tukun.

TAMBAYA: Bohol ɗinmu yana da nisa da gida kamar mita 80, an ja masa 2.5, famfon sai ya yi ta gurnani baya tashi sosai kuma har ya ƙone sau ɗaya. Mai aikin yace ai 2.5 tafi ƙarfinsa. Daga wani mai gida, Rayfield

AMSA: Ta fuskar zafi ya yi gaskiya ranka ya daɗe, amma ya manta da nisa. Waya tana cinye wani abu daga ƙarfin wutar a hanya, 2.5 tana cin milibolt 18 a kowace amfiya a kowace mita, 4 tana cin 11, 6 tana cin 7.3. Mu ɗauka famfon amfiya 10 yake ja, a mita 80 bolt 14 da ɗoriya sun tafi a kan 2.5, alhali ka'ida bata so a wuce kashi 5 cikin 100, wato bolt 11.5, kuma ba mu sa zurfin ramin a lissafi ba, ba mu sa cewa lokacin tashi motar famfon, wato injin da yake juya shi, tana jan ninki da yawa na wutar da ta saba ba, ga kuma lokutan da wutar take zuwa da rauni tun daga taransifoma. Mota in bata samu isasshen bolt ba zafi take yi har ta ƙone. Da 4 asarar zata dawo ƙasa da bolt 9, in aka haɗa da zurfin ramin ni 6 zan sa. A duba farantin jikin famfon a ga ainihin amfiyarsa a sake lissafin da ita, a yi amfani da kebul mai sulke tunda binne shi za a yi, a sa masa na'urar da take yankewa in wuta ta yi ƙasa, kuma wayar atin ta bi shi har bakin ramin a ɗaure ta a jikin famfon da duk wani ƙarfe dake wurin, tunda yara ne suke zuwa ɗibar ruwa ƙafa ba takalmi.